Gudun Isa ko Ƙarfin Duka: Sake Duba Ma'aunin Zaɓen Harsashi don Farautar Elik daga Nesa a Yammacin Amurka

Tsakure

Maƙalar nan ta auna ƙa'idar da maharban Amurka suka daɗe suna riƙe da ita, cewa bai kamata a harbi elik ba sai harsashi zai isa jikinsa da ƙarfin fut-fam 1,500. An yi lissafi da alƙaluman da kamfanonin harsashi suka wallafa. An gano cewa ƙa'idar ba ta yin daidai da gudun da ƙwayar harsashi ke buƙata don ta buɗe sai a nauyi guda, wato kusan giren 208. Sama da wannan nauyi tana halatta harbin da bai dace ba, ƙasa da shi kuma tana hana wanda ya dace.

Gabatarwa

Elik, wanda masana ke kira Cervus canadensis, dabba ce dangin barewa mai ƙaho rassa-rassa. Ƙosasshen namiji yakan kai kilo 320, wato ya ɗan ɗara gwanki. Jihar Kolorado ce ta fi yawansu, ana kuma farautarsu da kaka a Montana da Wayomin da Aidaho da sauran sassan Duwatsun Roki. Ƙasar kwazazzabai ce. Sau da yawa maharbi yakan hango garke a tsallaken kwari, yadi 400 ko 500 a tsakaninsu, kuma babu halin matsawa ba tare da iska ta kai musu warinsa ba. Na'urar auna nisa da madubin hange na zamani sun sa mutane suna ɗana kunama a nisan da iyayensu ba su yi ba. Abin da ke damun mai wannan bincike shi ne dabbar da aka raunata ta faɗa cikin duhun itatuwa, ta kwana tana jini, ba a same ta ba.

A nan «harsashi» na nufin kwanso da albarushi da kansa gaba ɗaya, «ƙwaya» kuwa abin da ke fita ya doki dabba. Giren ɗaya kimanin giram 0.065 ne, fut-fam kuwa ma'aunin ƙarfin duka ne.

Waiwaye

Muhawarar ta tsufa. Jack O'Connor na mujallar Outdoor Life ya shafe shekaru yana kare .270 Winchester, wanda ya fito a 1925, da hujjar cewa ƙwaya mara nauyi mai gudu ta wadatar idan ta faɗa inda ya kamata. Elmer Keith ya tsaya a kan ƙwaya mai kauri da nauyi. Daga baya manyan harsasai suka cika kasuwa: .338 Winchester Magnum a 1958, 7mm Remington Magnum a 1962, .300 Winchester Magnum a 1963. A wannan ƙarni kamfanin Hornady ya kawo 6.5 Creedmoor, sannan 7mm PRC a 2022, masu dogayen ƙwayoyi da ke ratsa iska da sauƙi.

Rigimar wannan maƙala da ƙa'idar fut-fam ce. Adadin 1,000 da ake faɗa wa ƙananan barewa ana yawan danganta shi da Kanar Townsend Whelen, na elik kuma aka ɗaga shi zuwa 1,500. Marubuta suna ta maimaita shi har ya zama kamar doka, alhali dokar Kolorado kanta ba ta kai nan ba: abin da ta gindaya shi ne faɗin ƙwaya kada ya gaza inci .24, nauyi giren 85 ga elik, ƙwayar ta zama mai buɗewa, sannan ƙarfin fut-fam 1,000 a yadi 100. Tun a shekarun 1980 Martin Fackler, likitan tiyata na sojan Amurka da ya jagoranci binciken raunukan harsashi a cibiyar Letterman ta San Faransisko, ya nuna cewa ramin da ƙwaya ta huda da naman da ta yayyaga su ne rauni, adadin ƙarfin da ta ɗauko ba ya faɗin girman ramin. Maharba ma sun san haka tun kafin shi. A 1946 John Nosler ya harbi wani babban mus, wata dabba dangin barewa, da taɓo ya lulluɓe a Biritish Kolombiya da bindigar .300 H&H, ƙwayoyin suka kasa shiga yadda ya kamata. Ƙarfi bai yi masa ƙaranci ba, ƙirar ƙwayar ce ta ci amanarsa, kuma wannan ne ya haifar da ƙwayar Partition a 1948.

Hanyar Bincike

An ɗauki gudun fita da ma'aunin ratsa iska da kamfanoni suka wallafa. An lissafa ƙarfi da nauyin ƙwaya sau gudu sau gudu, a raba da 450,240. An riƙi ƙafa 1,800 a sakan a matsayin mafi ƙarancin gudun buɗewa, kamar yadda kamfanin Nosler ya ayyana wa ƙwayoyin Partition da AccuBond. Duk lissafin na iskar gaɓar teku ne, da bindiga mai nauyin fam 8.

Sakamako

Tambayar farko mai sauƙi ce: a wane gudu kowace ƙwaya ke sauka zuwa fut-fam 1,500? Mai giren 143 tana kaiwa nan tana gudun ƙafa 2,173 a sakan. Mai giren 180 a 1,937, mai 200 a 1,838, mai 250 a 1,644, mai 300 kuwa a 1,500. Idan aka juya lissafin, aka nemi nauyin da ke ba da fut-fam 1,500 daidai a gudun 1,800, amsar giren 208 ce. Ma'ana, ƙa'idar ta dace da ƙwaya ɗaya tak, sauran duk tana yi musu hukunci a karkace.

A duba abin da wannan ke nufi a bakin kwari. Maharbi ya ɗauki .338 Winchester Magnum da Partition mai giren 250, tana fita da gudun 2,660. A wajen yadi 500 gudunta ya sauka zuwa 1,800. Amma teburin ƙarfi zai ci gaba da nuna masa ya haura 1,500 har kusan yadi 600. A wannan tazara ta kimanin yadi 100, ƙa'idar tana ce masa harba, alhali ƙwayar ta faɗi ƙasa da iyakar da mai ƙera ta ya sa. Kanta mai taushi, wanda ya kamata ya baje ya naɗe baya kamar laimar kwaɗi, yana iya tsayawa a tsuke. Sai ta ratsa huhu da siririn rami, ta fita ta ɗaya gefen ba jini mai yawa a ƙasa, dabbar ta bi garke ta haura tudu. Maharbin zai koma sansani yana zaton kuskure ya yi.

A ɗaya ɓangaren, 6.5 Creedmoor da ƙwayar ELD-X mai giren 143, gudun fita 2,700, tana faɗuwa ƙasa da 1,500 tun kafin yadi 400. Mai bin ƙa'ida zai sauke bindiga a nan. Amma a yadi 500 har yanzu tana gudun sama da 2,000, kuma ba ta taɓa 1,800 sai ta wuce yadi 650. Wannan bai sa ta zama gwarzon harsashin elik ba. Ya dai nuna cewa dalilin da ake ƙin ta da shi ba shi ne dalili na gaskiya ba. Maharban Suwidin da Nowe sun shafe tsararraki suna kayar da mus, wanda ya fi elik girma, da 6.5x55 na 1894.

Saura iska da kafaɗa. A yadi 500, iskar gefe mai gudun mil 10 a awa tana kautar da ƙwayar Creedmoor kimanin inci 15, ta .300 Winchester Magnum mai giren 200 kimanin 14, ta 7mm PRC mai giren 175 kimanin 11. Babban harsashin .300 ya sayo inci ɗaya kacal, ya biya da dukan kafaɗa fiye da ninki biyu na Creedmoor. Wanda ke tsoron dukan bindigarsa yana runtse ido ya fizgi kunama, kuma ba ya yawan gwaji. Ƙwayar kuma tana ɗaukar kusan kashi shida cikin goma na sakan kafin ta isa, taku ɗaya na dabba ya isa ya mayar da harbin ƙirji harbin tumbi. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ta nuna damuwa da harbin nesa ta fuskar adalci ga dabba, lissafi ma ya goyi bayan damuwar.

Iyakoki

Dole a yarda da wasu abubuwa. Lissafi ne, ba a fede dabba ko ɗaya ba. Ƙwaya mai nauyi ta fi karya ƙashin kafaɗa idan dabba ta tsaya a karkace, a nan Keith yana da gaskiya. Iyakar buɗewa ta bambanta: Nosler ya sa 1,300 ga AccuBond Long Range, ƙwayoyin tagulla zalla kuma sun fi son gudu. A tsayin mita 2,400 kaurin iska yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, don haka nisan da aka ambata zai ƙaru, gajeren bututu kuma zai rage shi. Kaurin iska da tsayin bututu ba su taɓa adadin giren 208 ba, amma idan iyakar buɗewa ta sauya, shi ma zai sauya.

Shawara

Maharbi ya fara zaɓen ƙwaya kafin harsashi. Ya auna gudunta daga bindigarsa da na'urar auna gudu, ya nemo nisan da take sauka zuwa 2,000 don ya bar wa kansa rara. Sannan ya nemo nisan da yake samun faranti mai faɗin inci 10 a harbin farko, yana kwance a kan jakarsa, iska na kaɗawa. Wanda ya fi gajarta cikin biyun shi ne iyakarsa. Tsakanin yadi 400 da 500, mai wannan bincike ya fifita 7mm Remington Magnum ko 7mm PRC da ƙwaya mai giren 160 zuwa 175. Wanda kafaɗarsa ba ta ɗauki wannan ba ya riƙi 6.5, ya jira dabba ta ba shi gefe, kada ya wuce yadi 400.