Tauraruwa Mai Wutsiya da Lissafin Zamanin Sarakunan Kano

Hausawa kan ce, "Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba." Sai dai karin maganar bai faɗi wacce daga cikinsu ba, kuma a nan ne manazarcin tarihin baka yake iya zamewa.

Wadda ta fi shahara ita ce ta Halley. A 1705 wannan masani na Ingila ya nuna cewa taurarin da aka gani a 1531 da 1607 da 1682 guda ɗaya ce mai kewaya rana, ya kuma ce za ta komo wajen 1758. Ta kuwa komo, shi ko ya rasu tun 1742. In aka ɗora shekarun nan a kan jerin sarakunan Kano, bisa ƙididdigar Palmer ta 1908, zuwan 1531 ya faɗo zamanin Muhammadu Kisoki, na 1607 zamanin Muhammadu Zaki, na 1682 zamanin Dadi. Na 1835 ya iske Ibrahim Dabo a Gidan Rumfa, na 1910 ya iske Abbas, ana saura shekara guda jirgin ƙasa ya iso Kano.

Akan ce bayan kowace shekara 76 take dawowa. Wannan kintace ne kawai. Ƙarfin jan Mushtari da Zuhal yakan jinkirta ta ko ya gaggauta ta, don haka tazarar takan kama daga shekara 74 zuwa 79. Wanda ya tashi daga 1986 yana ɗebe 76 har sau 12 zai sauka a 1074, alhali a 1066 ta bayyana. Kuren shekara takwas ya isa ya canza sarki.

Matsalar da ta fi wannan ita ce, ba ita kaɗai ce mai wutsiya ba. A zamanin Dabo an ga wata a 1843, wadda ta fi ta 1835 haske nesa ba kusa ba. A 1910 ma biyu aka gani: ɗaya a Janairu, har da rana tsaka, sannan ta Halley a Afrilu da Mayu. Saboda haka in ruwaya ta ce an haifi wane a shekarar mai wutsiya, tambayar farko ita ce: da hunturu ne ko da bazara?

Zuwanta na 1986, zamanin Ado Bayero, dishi-dishi aka gan ta. Ta kai ƙarshen nisanta a Disamba 2023, sai 2061 za ta sake ratsa samaniyar Dala.