Daga masaƙun Bombay zuwa ɗakin awon ciki

'Yan uwa, ƙwayar folik asid ɗin nan da ake ba matanmu a wurin awo, tarihinta daga Indiya ya faro. A 1928 wata likita 'yar Ingila, Lucy Wills, ta sauka Bombay domin gano abin da ke kashe mata masu juna biyu, musamman ma'aikatan masaƙu. Ƙarancin jini ne. Ta nemi ƙwayar cuta ta rasa, sai ta koma kan cimarsu: ta ciyar da birai irinta, suka kamu. Hanta tana maganinsa, amma da tsada, ga shi mabiya addinin Hindu da yawa ba sa cin nama. Abin da ya fisshe su shi ne Marmite, abin shafa wa burodi da ake yi da yis. Ta wallafa sakamakon a 1931 ba tare da sanin wane sinadari ne ba. Sai a 1941 aka tace shi daga alayyahu a Amurka.

Inda muke ruɗewa shi ne zaton ganye ya gama komai. Bitamin B12, da aka tace a 1948, babu shi a gero, wake ko zogale, sai a nama, kifi, ƙwai da madara. Uwar da ba ta cin waɗannan, don aƙida ko don babu, ruwan nononta kan gaza, jariri ya yi laƙwas. Folik asid kuma kan gyara jini ya rufe matsalar alhali jijiyoyi na lalacewa, shi ya sa likitoci ke haɗa mata da ƙwayar B12 tun daga goyon ciki har yaye.