Adana kwafin bayanai a ƙaramin ofis mai kwamfutoci iri-iri

A unguwannin Hausawa na Legas irin su Agege da Idi-Araba, ƙananan ofisoshi da dama na masu shirya tafiyar Hajji da Umara, 'yan canji da masu buga takardu sun dogara da kwamfuta wajen riƙe lissafi da bayanan abokan ciniki. Kwamfutocin ba kasafai suke zama iri ɗaya ba. Akawu yana aiki da Windows, mai zanen talla yana da Mac, wata tsohuwa da aka sayo a Computer Village da ke Ikeja kuma an ɗora mata Linux. Idan faifan ɗayansu ya mutu, ko aka sace ta, ko ruwan damina ya shiga ofis, lissafin shekaru na iya tafiya cikin dare ɗaya.

Adana kwafi shi ne ajiye wani kwafin fayiloli a wuri dabam, ta yadda za a dawo da su idan na asali sun salwanta.

Inda wahalar take

Kowane tsari yana da hanyarsa ta rubutu a faifai. Windows yana amfani da NTFS, Mac yana amfani da APFS, Linux kuma galibi ext4. Mac yana iya karanta faifan NTFS, amma ba ya rubutu a kansa sai an ƙara masa wata manhaja. Shi ya sa faifan waje guda ɗaya da ake yawo da shi daga tebur zuwa tebur yakan kawo ruɗani, ban da saurin ɗaukar ƙwayar cutar kwamfuta.

Mafita ita ce a samar da rumbu ɗaya a kan layin sadarwar ofis, wato na'urar ajiya irin ta Synology ko QNAP, ko wata kwamfuta mai Linux da manhajar Samba, wadda Andrew Tridgell ya fara a 1992. Dukkan tsarin ukun suna iya magana da wannan rumbu ta hanyar ƙa'idar SMB. Windows zai aika fayiloli da File History, Mac da Time Machine wadda Apple ya fitar a 2007, Linux kuma da rsync, wadda ke kwafe abin da ya canza kawai. A ba kowace kwamfuta ɓangarenta da kalmar sirrinta, a kuma saita aikin ya riƙa gudana da kansa, domin mutum yakan manta.

Ƙa'idar 3-2-1

Wannan ƙa'ida, wadda mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ya yaɗa, tana nufin kwafi 3 na kowane muhimmin bayani, a kan nau'in ajiya 2, ɗaya daga ciki kuma a wajen ofis. Na wajen zai iya zama rumbun intanet, ko faifan da mai ofis ke tafiya da shi gida duk ranar Juma'a.

Wajibi ne kwafi ɗaya ya kasance a cire daga layin sadarwa. A watan Mayun 2017, manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta kulle kwamfutocin Windows a ƙasashe kimanin 150, har da na asibitocin Birtaniya. Irin waɗannan manhajoji kan kulle duk rumbun da suka tarar a haɗe. Haka nan, rumbu mai faifai biyu da ke kwafar juna yana kare ofis daga mutuwar faifai ne kawai. Fayil da aka goge bisa kuskure yakan ɓace daga duka biyun.

Wuta da gwaji

Ɗaukewar wuta ko sauyawa zuwa janareto ana tsakiyar kwafi na iya lalata fayil, don haka rumbun yana buƙatar na'urar UPS ko inbata. Sannan a riƙa gwada dawo da wasu fayiloli duk wata, domin kwafin da ba a taɓa buɗewa ba, ba a san ingancinsa ba sai ranar da buƙata ta taso.

Abin da doka ta tanada

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a nauyin kare su daga salwanta ko faɗawa hannun da bai dace ba. Ofishin da ke ajiye hotunan fasfo da lambobin asusun banki ya kamata ya kulle kwafinsa da kalmar sirri, musamman faifan da ke fita waje, tun da kwafin da aka sace tamkar an sace na asali ne.