Rigar tallafe baya: Matsayinta a jinyar karayar ƙashin baya da ba ta taɓa laka ba

Ba kowace karayar ƙashin baya ce ke jawo shanyewar ƙafafu ba, kuma ba kowacce ce ke buƙatar tiyata ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka samu irin wannan rauni suna warkewa ne da magungunan rage ciwo da kulawar likita, wani lokaci kuma da wata riga mai tauri da ake ɗaura wa majinyaci domin ta tallafe masa baya. Sai dai amfanin rigar ya rataya ne a kan sharaɗi guda: likita ya tabbatar cewa karayar a zaune take, kuma ba ta taɓa laka ba.

Batun ya shafi al'ummomi irin na Kuru da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu a Jihar Filato, inda ake haƙar kuza a ramuka, ga kuma zirga-zirgar motoci a kan hanyar da ta haɗa Jos da Akwanga ta Hawan Kibo. Ruftawar rami, haɗarin mota ko na babur, da faɗowa daga bishiya ko saman gini, suna cikin manyan abubuwan da ke karya ƙashin baya.

Yadda ƙashin baya yake

Ƙashin bayan ɗan Adam jerin gaɓoɓi 33 ne: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sai 5 da suka manne da juna a ƙasan ƙugu, da kuma 4 a can ƙarshe. A tsakiyarsu akwai kafa wadda laka ke bi, ita ce mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. A jikin baligi, laka tana ƙarewa ne wajen gaɓa ta farko ko ta biyu ta ƙugu, daga nan sai jijiyoyi su ci gaba zuwa ƙafafu da mafitsara.

Karaya ta fi aukuwa a mahaɗar gaɓoɓin ƙirji da na ƙugu. Dalili kuwa shi ne, haƙarƙari ya riƙe ɓangaren sama, ɓangaren ƙasa kuma yana lanƙwasuwa, don haka nauyin bugu yakan taru a inda suka haɗu.

Ire-iren karayar

Mafi sauƙi ita ce wadda gaban gaɓar ya lotsa, bayanta kuma yana nan lafiya. Tana yawan samun tsofaffi, musamman mata, waɗanda ƙashinsu ya yi rauni. Ta biyu ita ce wadda gaɓar ta tarwatse, har wani ɓarɓashi ya iya kutsawa cikin kafar laka. Akwai kuma wadda ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure da shi ta baya suka tsage, sai mafi muni, inda gaɓa ta goce daga kan 'yar'uwarta. Waɗannan biyun na ƙarshe galibi tiyata suke buƙata.

A shekarar 2005 ƙwararru suka fitar da wani ma'auni da ake kira TLICS, wanda ke ba da maki bisa abubuwa uku: siffar karayar, halin da jijiyoyin da ke ɗaure ƙashin ta baya suke ciki, da lafiyar laka. Maki 3 zuwa ƙasa na nuni da jinya ba tare da tiyata ba, maki 5 zuwa sama na nuni da tiyata, maki 4 kuma ya rage ga likita. Ana gano hakan ne ta hanyar gwajin ƙarfin ƙafafu da jin taɓi, da hoton ƙashi, da na'urar CT, wani lokaci har da MRI.

Aikin da rigar ke yi

Kafin zuwan roba mai tauri, da siminti irin na ɗori ake naɗe gangar jikin majinyaci, hanyar da likita Lorenz Böhler na birnin Vienna ya shahara da ita. A yau an fi amfani da nau'i biyu. Na farko shi ne samfurin Jewett, wani firam da ke dannawa a ƙirji da mara da tsakiyar baya, domin ya hana sunkuyawa. Na biyu, da ake kira TLSO, riga ce ta roba mai ɓari biyu, gaba da baya, wadda ake ƙerawa daidai jikin mutum, tana kuma rage juyawa da karkata gefe.

Rigar ba ta haɗa ƙashi, jiki ne ke yin wannan aikin da kansa. Amfaninta shi ne ta taƙaita motsi, ta rage ciwo, ta kuma ba majinyaci ƙwarin gwiwar tashi da wuri. Tashin da wuri yana da muhimmanci, domin doguwar kwanciya tana jawo gyambo, daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu. Yawanci ana sanya ta makonni 8 zuwa 12, ana maimaita hoton ƙashi domin a ga ko gaɓar tana ƙara lotsawa.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2003, likita Kirkham Wood da abokan aikinsa a Amurka sun kwatanta tiyata da jinyar riga ko siminti a kan masu karayar da ta tarwatse amma a zaune take, kuma lakarsu lafiya. Ba su ga fifikon tiyata ba ta fuskar ciwo ko komawa aiki, alhali ta fi tsada da yawan matsaloli.

A 2014 kuma, wani bincike da likita Christopher Bailey ya jagoranta a Kanada a kan majinyata 96 ya gano cewa bayan watanni uku, waɗanda suka sanya rigar da waɗanda ba su sanya ba sun samu sauƙi iri ɗaya. Sai dai dukkansu an tantance su sosai kafin a zaɓe su, kuma suna ƙarƙashin kulawar likitoci. Darasin shi ne, ingantaccen bincike da bibiya sun fi rigar kanta muhimmanci.

Ƙa'idojin amfani da ita

A sanya singileti na auduga a ƙarƙashinta, a riƙa duba fata kullum, musamman a lokacin zafi. Sai an ɗaura ta kafin a miƙe, kamar yadda likita ya nuna. A guji ɗaukar kaya a ka, noma, hawa babur da tsuguno a masai. Mai salla ya tambayi likita game da ruku'u da sujada, domin sau da yawa akan ba da shawarar yin ta a kan kujera. Barin shan taba yana taimaka wa ƙashi ya haɗe. Idan wa'adi ya cika, akan rage sanya ta a hankali tare da motsa jiki a sashen gashin ƙashi, saboda daɗewa a cikinta yana raunana naman baya.

Alamomin haɗari

A koma asibiti nan take idan ƙafa ta fara mutuwa ko ta yi rauni, idan fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da sani ba, idan mutum ya kasa riƙe bayan gida, ko ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi. Haka nan, ciwon baya da ya zo da zazzaɓi, rama da zufar dare ba tare da wani bugu ba, yana iya zama tarin fuka na ƙashin baya, wanda magani yake buƙata.

Daga wurin haɗari zuwa asibiti

Wani lokaci laka tana tsira daga haɗarin, sai kuma ta lalace wajen ɗauka. Kada a zaunar da wanda ya ji rauni a baya, kada a ciccibe shi ta hannuwa da ƙafafu, kada kuma a ɗora shi a babur. A haɗa hannu mutum uku ko huɗu a mirgina shi a miƙe zuwa kan katako ko ƙyaure, ɗaya yana riƙe da kansa. Ana iya kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122, ko lambar gaggawa ta 112.

Ja da matsawa irin na ɗorin gida suna iya gusar da gaɓar da ta karye ta danne laka, kuma lakar da ta yanke ba ta komawa yadda take. Sayen bel ɗin baya a kasuwa ba tare da hoto ba shi ma ganganci ne.

Mazauna Kuru da kewaye na iya zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, inda ake da likitocin ƙashi da na laka. A Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana da sashen ƙera gaɓoɓin roba da kayan tallafe jiki. Duk wanda ya faɗi ko ya yi haɗari yana kuma jin ciwon baya mai tsanani, ya nemi a yi masa hoto ko da yana iya tafiya da ƙafafunsa.