Daga Horon Yunwa Zuwa Ma'auni: Tarihin Zaɓen Abinci Ga Mai Ciwon Sukari

Kafin a samo allurar insulin, abinci ne babban makamin likita a kan ciwon sukari. A shekarar 1797 wani likitan sojan Birtaniya, John Rollo, ya wallafa yadda ya ɗora majinyaci a kan nama da kitse, ya hana shi yawancin hatsi. A lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin Paris ƙawanya a 1870, Apollinaire Bouchardat ya lura cewa sukarin da ke fitsarin majinyatansa ya ragu da abinci ya yi ƙaranci. Frederick Allen na Amurka ya kai wannan tunani maƙura a shekarun 1910, inda ya riƙa yi wa marasa lafiya horon yunwa. Kwanansu ya ɗan ƙaru, amma wasu rama ce ta ƙarasa su.

Gano insulin a Jami'ar Toronto ta Kanada a 1921 ya sauya tambayar. Maimakon a hana mutum ci, sai aka koma lissafin yawan sitaci da sukarin da zai ci. A 1950 ƙungiyoyin lafiya na Amurka suka fitar da jerin musayar abinci, wanda ya ɗauki cewa burodi da shinkafa da wake duk ɗaya ne muddin nauyin sitacinsu ya yi daidai. An kuma yi imanin cewa sukarin shayi kan shiga jini nan take, sitaci kuwa a hankali. Zato ne mai kama hankali, sai dai ba a gwada shi sosai a jikin mutum ba.

David Jenkins da abokan aikinsa, su ma a Toronto, su ne suka yi gwajin da ya girgiza wannan zato, suka wallafa shi a 1981. Sun ba mutane masu lafiya nau'in abinci 62, akasarinsu a gwargwadon da ke ɗauke da giram 50 na sitaci ko sukari. Suka riƙa auna jininsu har awa biyu, suna kwatanta hawan sukarin da na zallar gulukos, wanda aka ba maki 100. Sakamakon ya zo da ba-zata. Burodi da dankalin Turawa sun ɗaga sukarin jini fiye da sukarin shayi, domin rabin sukarin shayi wani nau'i ne da sai ya bi ta hanta. Burodin da aka yi da garin alkama mai dusa bai bambanta da fari ba, saboda niƙa mai laushi ta riga ta buɗe sitacin ga narkewa. Wake da danginsa suka zauna can ƙasa. Daga nan aka sami ma'aunin hawan sukari: abincin da makinsa bai wuce 55 ba yana sakin sukari a hankali, daga 70 zuwa sama kuwa da gaggawa.

Ma'aunin ya sha suka, kuma sukar tana da hujja. Kankana tana da maki sama da 70, amma akasarinta ruwa ne, sai mutum ya sha mai yawan gaske kafin ya haɗa giram 50. Wannan ya sa masu bincike a Jami'ar Harvard suka ƙara wani lissafi a 1997, wanda ke haɗa makin abinci da yawan da ake ci a zama ɗaya. Sannan maiƙo yana jinkirta narkewa, don haka abinci mai yawan kitse kan sami ƙaramin maki ba tare da ya zama mai amfani ga zuciya ba.

Jennie Brand-Miller ta Jami'ar Sydney a Ostireliya ta jagoranci tattara sakamakon gwaje-gwaje cikin jadawali, na farko a 1995, na 2021 kuma ya ƙunshi abinci sama da 4,000. A 2010 aka amince da ƙa'idar gwaji ta duniya, wadda ta buƙaci aƙalla mutum goma.

Darasin burodin nan ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, inda masu ciwon sukari da dama suka koma tuwon alkama da yaƙinin cewa ya fi na masara ko dawa sauƙi. Sunan hatsi kaɗai ba ya yanke hukunci. Laushin niƙa, tsawon dahuwa, girman malmala da abin da aka haɗa da ita duk suna sauya yadda jini ke karɓar abinci, shi ya sa shinkafa da wake ba ta ɗaga sukari kamar farar shinkafa zalla.