Ma'aikatan bayan fage a gidan adana kayan fasaha: abin da satar Landan ta tona

Mai ziyara a gidan adana kayan fasaha da tarihi yakan ga mai gadi da mai sayar da tikiti, amma mafi yawan aikin yana gudana ne a ɗakunan da ba a buɗe wa jama'a. A British Museum da ke Landan, wanda ke riƙe da kaya kusan miliyan 8, abin da ake baje wa masu kallo bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Sauran na ma'ajiya.

Jami'in kula da tarin kaya shi ne masanin fannin: yana bincike, yana zaɓen abin da za a nuna, yana ba da shawarar abin da za a saya. Masanin alkinta kaya kuwa da ilimin sinadarai yake aiki. Shi ke lura da zafi da laimar ɗaki, yana rage haske a kan takarda da yadi domin kada launi ya koɗe, kuma ƙa'idar sana'arsa ita ce duk gyaran da ya yi ya zama wanda za a iya warwarewa nan gaba. Akwai kuma masu ɗauka da rataya kaya, da ɗan rakiyar da ke bin zane har ƙasar da aka ba aronsa.

Wanda aka fi mantawa da shi shi ne magatakarda. Shi ke ba kowane abu lamba, ya rubuta siffarsa da inda aka ajiye shi, ya riƙe takardun aro da na inshora. Aiki ne maras armashi, kuma an ga muhimmancinsa a watan Agustan 2023, lokacin da British Museum ya sanar da sallamar wani ma'aikacinsa. Daga baya hukumar gidan ta ce kaya kusan 2,000 ne suka ɓace ko aka lalata, yawancinsu ƙananan duwatsu masu daraja da kayan zinariya. Wasu an sayar da su a eBay. Tun 2021 wani dillalin kayan tarihi ɗan ƙasar Denmark ya ankarar da gidan, ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba, kuma daraktan, Hartwig Fischer, ya yi murabus.

Abin da ya sauƙaƙa satar shi ne da yawa daga cikin kayan ba su da cikakkiyar rajista, wasu ma babu hotonsu. Abin da ba a rubuta ba kuwa, da wuya a gane ya ɓace, balle a tabbatar wa kotu na wane ne. A watan Oktoban shekarar gidan ya yi alƙawarin shigar da dukan tarinsa a kwamfuta cikin shekara 5.

Ga Nijeriya, sana'ar da ta fi shafar ta ita ce ta mai binciken asalin kaya, wanda ke bin rasit da wasiƙu da kundin gwanjo domin gano hannun da abu ya bi. Irin wannan aiki ne ya samar da rumbun intanet na Digital Benin a 2022, wanda ya tattara bayanan kayan masarautar Benin fiye da 5,000 da ke cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, yawancinsu waɗanda sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. British Museum kaɗai na riƙe da fiye da 900.