Rabon Ganima Ne Ya Haifi Muƙami: Tarihin Ƙungiyoyin Farautar Dodanni A Wasannin Intanet

Mai karatu, da za a ce maka ga wasu mutum 40 da ba su taɓa ganin fuskar juna ba, kowa yana garinsu, amma dare uku ko huɗu a kowane mako sai sun hallara gaban kwamfuta a kan lokaci, su shafe awa huɗu suna bin umarnin wani mutum da ba ya biyan su ko sisin kwabo, wanda ya makara ma har sai ya ba da hanzari, na san za ka ce ai wannan sai a tatsuniya. To haka abin yake a ƙungiyoyin masu wasan jarumta na intanet, musamman a Amurka da Turai da Koriya da Sin. Suna da shugaba, suna da hafsoshi, suna da ma'aji, har da ɗan gwaji da ake sa wa ido. Yau za mu bi sawun yadda waɗannan muƙamai suka samo asali, da irin nauyin da ke wuyan kowane mai riƙe da su.

Tushen abin yana Ingila. A shekarar 1978 Roy Trubshaw ya fara rubuta wani wasa mai suna MUD a Jami'ar Essex, daga baya Richard Bartle ya ci gaba da shi. Babu hoto a cikinsa, rubutu ne zalla, amma mutane da dama suna iya shiga duniya ɗaya a lokaci guda su yi hira su yi faɗa. A 1997 wasan Ultima Online ya fito da hotuna, kuma ya ba 'yan wasa damar kafa ƙungiya, inda wanda ya fi samun mubaya'ar 'yan uwansa shi ke zama shugaba. Sai dai a wancan lokacin ƙungiya ta fi kama da majalisar abokai, a taru a yi zumunci a kare juna daga 'yan fashin hanya.

Wasan da ya sauya komai shi ne EverQuest, wanda ya fito a watan Maris na 1999. A cikinsa aka ajiye wasu manyan dodanni guda biyu, Lord Nagafen da Lady Vox, waɗanda mutum shida na ayari ɗaya ba su isa su tunkare su ba, sai an tara gomman jarumai. Kamfanin ya tanadar wa ƙungiya muƙami uku kacal, shugaba da hafsa da ɗan ƙungiya. Duk sauran muƙaman da za mu gani nan gaba, 'yan wasan ne suka ƙirƙiro su da kansu saboda larura, domin masu magana sun ce kukan kurciya jawabi ne, kuma duk ƙungiyar da dodo ya share sau biyu ko uku ta fahimci jawabin.

Ga yadda faɗan yake. Akwai jarumi mai sulke da ke tsayawa gaban dodo yana shan duka, ya riƙe hankalinsa don kada ya juya kan sauran, shi ne garkuwar ayari. A bayansa akwai masu magani. Babbar warakarsu a EverQuest tana cin daƙiƙa 10 kafin ta sauka, alhali dodo yana iya gamawa da garkuwa kafin nan, don haka sai su jeru bi da bi, wannan ya fara, bayan 'yan daƙiƙu na biye da shi ya fara, har waraka ta dinga sauka babu yankewa. Mutum ɗaya ya yi gyangyaɗi a layin nan, garkuwa ya faɗi, kowa ya bi shi. Akwai kuma mai janyo abokan gaba ɗaya bayan ɗaya, sannan ga masu sara da harbi da tsafi. Dole a sami mutum guda da zai ce wane tsaya nan, wane fara yanzu. Daga nan aka sami jagoran hari.

Amma kashe dodo bai kai rabon kayansa wuya ba. Mutum 50 sun sha wahala, dodo ya faɗi ya bar takobi ɗaya da sulke biyu, kuma ba zai sake bayyana ba sai bayan kwanaki. Wa za a ba? Idan aka jefa ƙuri'a, wanda ya zo jiya yana iya cinye wanda ya shekara yana wahala. Idan shugaba ya zaɓa, a ce ya ba abokinsa. Ƙungiyoyi da yawa a nan suka watse. A 1999 wata ƙungiya mai suna Afterlife, ta hannun ɗan wasan da aka sani da Thott, ta fito da tsarin da ake kira DKP, wato makin kashe dodo. Duk wanda ya halarci hari a rubuta masa maki, ranar da kayan da yake so ya faɗo ya saye shi da makinsa. Abin ya yi kama da adashi, kowa yana zubi, kowa yana jiran ranar kwasarsa. Tunda kuwa akwai zubi, dole a sami mai riƙe littafi, dole a sami mai ɗaukar sunayen mahalarta, dole a sami wanda zai raba gardama. Kashin bayan hafsoshin ƙungiya kenan.

A wancan zamani dodo ɗaya ne ga kowa da kowa a cikin duniya guda, wanda ya riga shi ya kashe. Shi ya sa manyan ƙungiyoyi suke ajiye ɗan leƙen asiri a bakin kogo, da zarar dodo ya bayyana sai a fara buga wa jama'a waya ko da tsakar dare ne. Abin da ya fi nuna ƙarfin wannan tsari ya faru ne a watan Nuwamba na 2003, lokacin da ƙungiyoyi uku da ke duniyar Rallos Zek, wadda 'yan wasanta suka saba kashe juna, suka haɗa kai da jarumai kusan 200 suka tunkari Kerafyrm, dodon da ake ganin ba ya kasuwa. Sun ci kusan kashi uku cikin huɗu na ransa sai kamfanin Sony ya ɗauke shi, yana zaton akwai wata matsala a wasan. Da aka yi ta ƙorafi aka dawo da shi, suka sake taruwa suka kashe shi bayan awanni ana gwabzawa.

Kamfanin Blizzard yana kallon duk wannan. Rob Pardo, ɗaya daga cikin manyan masu tsara wasanninsa, ya taɓa shugabantar wata ƙungiyar EverQuest mai suna Legacy of Steel, kuma a can ya san Jeff Kaplan, wanda Blizzard ta ɗauka aiki a 2002. Don haka da World of Warcraft ya fito a watan Nuwamba na 2004, mutanen da suka san zafin jagorancin hari suna cikin waɗanda suka gina shi. A wancan lokacin kafa ƙungiya yana buƙatar mutum 10, kuma tana zuwa da matakai biyar: shugaba, hafsa, tsohon hannu, ɗan ƙungiya, sai sabon shiga. Shugaba yana iya ƙara su har zuwa 10, ya raɗa musu sunan da ya ga dama, ya kuma ƙayyade wa ke da ikon gayyato mutum, wa ke da ikon kora, wa ke shiga zauren hirar hafsoshi. Kogon farko, Molten Core, na mutum 40 ne, kuma dodon da aka kashe ba ya dawowa sai bayan mako guda. A wannan zamani ne muƙaman suka zauna daram kamar haka.

Shugaban ƙungiya shi ne uban gida. Shi ke tsara doka, ya naɗa hafsoshi, ya yanke hukuncin ƙarshe, kuma duk rigimar da ta gagara a wurinsa take kwana. Sau da yawa lokacin da yake kashewa wajen lallashi da sulhu ya fi wanda yake kashewa a wasan kansa.

Jagoran hari shi ne mai murya a fagen daga. Kafin dare ya yi, ya karanci halin dodon, ya raba mutum 40 gida takwas na biyar biyar, ya faɗa wa kowa matsayinsa. Ana cikin faɗa yana ba da umarni ta manhajar magana irin su Ventrilo da TeamSpeak, kowa kuma ya yi tsit. Idan aka faɗi gaba ɗaya, shi zai gano inda aka kuskure ba tare da ya tozarta mai laifin ba, domin gobe ma yana buƙatarsa. Ƙungiyoyi masu wayo ba sa haɗa wa mutum ɗaya wannan aiki da shugabanci, don taura biyu ba ta taunuwa.

Shugabannin aji su ne masu kula da kowane irin jarumi. Kowane ɓangare na wasan yana da aji takwas a farkon zamani, kuma kowane aji da aikinsa. A wurin dodon da ake kira Magmadar, maharba ne ke kwantar masa da hauka da wata kibiya ta musamman, bi da bi. A wurin Garr, matsafa ne ke ɗaure wasu daga cikin yaransa takwas. Shugaban aji shi ke jera mutanensa, ya duba kayansu, ya koya wa na baya.

Mai rabo shi wasan ke danƙa wa ikon miƙa ganima. Wasu ƙungiyoyin suna bin maki, wasu kuma suna kafa 'yar majalisa ta hafsoshi da za ta duba wanda kayan zai fi amfanar ayari a hannunsa. Babu muƙamin da ya kai wannan shan zargi.

Ma'aji kuwa shi ke tara zinare da magunguna da kayan ƙira. Misali, kafin a tunkari Nefarian sai kowa ya sami mayafin da ake ɗinkawa da ɓawon jikin wata dodanniya mai suna Onyxia, kuma shi ke lissafin wa ya samu wa bai samu ba. Har zuwa ƙarshen 2007, lokacin da Blizzard ta sa wa ƙungiyoyi baitulmali a cikin wasan, dukiyar jama'a tana hannun jarumin mutum ɗaya ne, amana zalla. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, an wayi gari ma'aji ya yi layar zana da wahalar watanni.

A ƙasa da hafsoshi akwai mayaƙa na dindindin, waɗanda aka ɗora wa halartar yawancin hare-hare, su zo da guzurinsu, su san dabara tun kafin a shiga. Akwai 'yan benci da ke jira ko wani zai fasa, kuma ƙungiya mai adalci tana rubuta musu maki don zaman jiran. Akwai ɗan gwaji, wanda ya cike takardar neman shiga kamar mai neman aiki, hafsa mai ɗaukar sababbi ya yi masa tambayoyi, sannan ya yi makonni ana auna shi, shi ne na ƙarshe a rabo. Daga can ƙarshe sai 'yan zumunci, matan aure da mazaje da abokan mayaƙa, waɗanda ba a ɗora musu komai ba.

Babban garkuwa ba hafsa ba ne a kan takarda, amma kusan ya fi kowa tsada, domin shi ake fara tufatarwa da mafi kyawun sulke. An ga haka ƙarara a 2006 da aka buɗe kogon Naxxramas, inda faɗan mahaya huɗu yake buƙatar garkuwa har takwas. Manyan ƙungiyoyi suka shiga zawarcin garkuwan ƙanana, wanda aka yi wata shida ana yi wa sutura sai ya tattara ya koma gidan da ya fi ƙarfi, ya bar na baya da hamma. Da shekarar 2007 ta kama, aka rage yawan mahara zuwa 25 da kuma 10, hafsoshi suka shiga tsaka mai wuya ta zaɓen waɗanda za a ajiye, shugabancin aji ma ya fara komawa shugabancin aiki, wato na garkuwa da na masu magani da na masu sara.

Mutanen waje ma sun lura. A 2006 John Seely Brown da Douglas Thomas sun yi rubutu a mujallar Wired a kan Stephen Gillett, wanda gogewarsa ta shugabancin ƙungiya ta taimaka masa a aikinsa na kamfanin Yahoo. A 2007 kamfanin IBM ya haɗa kai da wani kamfani mai suna Seriosity suka yi nazari a kan shugabanci a irin waɗannan wasanni. Dalilin a fili yake, wanda ya iya riƙe mutum 40 da ba ya biya, waɗanda kowannensu zai iya tafiya da danna maɓalli ɗaya, to ya iya riƙe jama'a.

Bayan haka sai kamfanin ya fara karɓe ayyukan ɗaya bayan ɗaya. A 2011 ya kawo hanyar da na'ura ke haɗa baƙi su shiga hari mai sauƙi ba tare da ƙungiya ba. A 2014 ya tsayar da hari mafi wuya a kan mutum 20. A 2018 ya soke ikon mai rabo a wasan na zamani, na'ura ta koma ba kowa rabonsa kai tsaye, daga baya a 2022 aka koma jefa ƙuri'a. Littafin maki ya zama tsohon yayi a wurare da yawa. Amma a can ƙololuwa abin ƙaruwa ya yi. Tun daga 2018, lokacin da ƙungiyar Method ta fara nuna yaƙinta kai tsaye a intanet, gasar wanda zai fara kashe sabon dodo ta zama sana'a, ƙungiyoyi irin su Echo da Liquid suna da masu nazarin alƙaluma da masu rubuta manhaja, har jagoran hari yakan zauna a waje yana kallon allo yana ba da umarni kamar kocin ƙwallo.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne abin da ya faru a watan Agusta na 2019, da Blizzard ta sake fito da tsohon wasan da sunan Classic. Aka koma mutum 40, aka koma ganima kaɗan, aka dawo da ikon mai rabo. Nan da nan sai ga littattafan maki sun dawo, ga majalisar rabo, ga shugabannin aji, ga tsohuwar gardamar wa ya fi cancanta da takobi, duk da cewa wasu daga cikin 'yan wasan sun zama magidanta masu 'ya'ya. Babu wanda ya tilasta musu. Larurar da ta haifi muƙaman a 1999 ce ta sake haifar su bayan shekara 20, domin in dai jama'a za su yi wahala tare su raba abin da bai ishe su ba, to sai sun nemi wanda za su yarda da shi ya riƙe littafi, kuma ƙungiyar tana daɗewa ne gwargwadon gaskiyar wannan mutum.

Mu kwana nan, sai a fitowa ta gaba.